Neman shawara: 4,294,967,297 firam ce ko tana rabuwa?

Hauwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Malaminmu na lissafi ya ba mu aikin gida, mu gano ko 4,294,967,297 firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, mu kuma faɗi siffofinta. Na ga 2 da 5 ba sa shiga, 3 ma haka, tunda jimillar alƙalumanta 59 ce. Na gwada 7 da 11 da 13, duk da saura. In ci gaba da gwaji ɗaya bayan ɗaya, ko akwai wata dabara? Don Allah a taimaka.

Bashir: Wa alaikumus salam. Idan gwaji za ki yi, sai kin bi firam har kusan 65,536 kafin ki tabbatar. Amma duba da kyau, 65,536 sau 65,536 shi ne 4,294,967,296. Lambarki ɗaya kawai ta ɗara wannan. Wato 2 ce aka ninka da kanta sau 32, aka ƙara 1.

Malam Sani: Madalla Bashir, ka kama bakin zaren. Hauwa 'yata, da gangan malaminku ya zaɓi wannan lamba. Tana cikin lambobin Fermat, masanin nan na Faransa, wato waɗanda ake samu idan aka ninka 2 da kanta sau 1, 2, 4, 8, 16, 32 da sauransu, aka ƙara 1. Biyar na farko, 3 da 5 da 17 da 257 da 65,537, duk firam ne, shi ya sa a 1640 ya zaci sauran ma haka suke. Sai a 1732 Euler, masanin lissafi ɗan Switzerland, ya nuna cewa 641 tana raba ta shida, wato taki.

Dabarar ita ce, duk firam ɗin da za ta raba wannan lamba dole ta zama ninkin 64 da ƙarin 1. To lissafa su: 65, 129, 321, 385 da 513 ba firam ba ne, saura 193, 257, 449, 577, sannan 641. Gwaji biyar kacal maimakon fiye da ɗari! Ki raba da hannunki, za ki samu 6,700,417 ba saura, ita ma kuwa firam ce. Ina roƙonki kada ki rubuta 641 kawai ki miƙa. Ki nuna yadda kika kai gare ta, nan ne makin yake.

Zainab: Game da siffofi kuwa, 'yar uwa, masu raba ta huɗu ne: 1, 641, 6,700,417 da ita kanta. Idan kika haɗa ukun farko za ki samu 6,701,059, wanda bai kai ta ba ko kusa, don haka tana cikin lambobi masu gaza jimilla.

Hauwa: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Malam, me ya sa sai ninkin 64 da ƙarin 1? Nan ne ban gane ba.

Malam Sani: Fara yin rabawar tukuna, ki turo mini hoton aikinki. Bayan isha'i zan rubuto hujjar, tana bukatar ƙaramar ƙa'idar Fermat.