Abin da tsofaffin matuƙa suka ce kan haɗarin ƙananan jirage

Da muka zauna da tsofaffin matuƙa kan abin da ke kayar da ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, irin su Cessna 172, bakinsu ya zo ɗaya: galibi matuƙin ne, ba injin ba.

Sun fi daɗewa a kan yanayi. Wanda bai koyi tuƙi da na'urori kaɗai ba, wato ba tare da ganin waje ba, in ya kutsa cikin gajimare ko hazo, sashen cikin kunnensa mai kula da daidaiton jiki kan yaudare shi. Jirgi na karkata, shi kuwa yana jin daidai yake. Haka ta faru da John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, a 1999, da dare, a kan teku kusa da tsibirin Martha's Vineyard a Amurka. Ni dai hazon hunturu ya faɗo min a rai. Shawararsu: ka juya tun kana ganin ƙasa, ko da ana jiranka.

Sai mai. Kada ka dogara da allurar mai. Buɗe tanki ka leƙa, ka tatso kaɗan a kwalba. Man shuɗi ne, ruwa kuwa kan kwanta a ƙasansa.

Wani ya ƙara da lodi a ranar zafi: iska ta yi sako-sako, titi ya ƙare jirgi bai ɗaga ba. Rage kaya, ko ka tashi da sassafe.