"Kowa ya bar gida, gida ya bar shi": ta hau kan masu yin Sallah a ƙasar waje?

Ɗalibi, Ƙofar Ƙwaya: Assalamu alaikum iyaye da yayye. Duk Sallah, iyalan da aiki ko karatu ya kai Ingila da Amurka sukan aiko da saƙo gida: barka da Sallah, mun gode Allah, yara sun fara sabawa da makaranta, mun gode da addu'o'inku. Sai ka ji wani cikin dangi ya amsa masu da "kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Wannan karin maganar gargaɗi ce ko gori? Kuma ya dace a faɗe ta ga wanda ya zo da godiya?

Malamin Hausa, Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam, ɗana. Dubi kalmar "bari" da kyau. Akwai barin wuri, wato tashi daga gare shi, akwai kuma barin abu, wato sakin sa, kamar a ce wane ya bar noma. Nauyin karin maganar yana kan na biyun. Gida kuma a nan mutane ake nufi, da rabo, da bakin da ake ba ka in ana shawara. Ɗan cirani yana fita bayan kaka ya dawo kafin ruwan shuka, ba mai faɗa mashi ita. Wanda ake faɗa wa shi ne wanda damina biyu uku ta wuce ba shi ba aikensa, har aka raba gandu ba a tuna da shi ba. Wurinta biyu: lokacin sallama da mai tafiya, da lokacin da ya dawo yana mamakin an yi abu ba a neme shi ba. Amsa godiya da ita kuskure ne.

Kawu, Daura: Allah gafarta Malam, ban yarda da rabin maganar nan ba. Ni ina ganin ba laifi take ɗora wa kowa ba, yadda abin yake kawai take faɗa. Ko kullum mutum yana kira, ranar hawan Magajiya, wato hawan Sallah na Daura, za a hau ba da shi ba. In aka yi rasuwa da asuba, kafin azahar an kai mamaci, jirgi kuwa daga Landan zuwa Abuja kaɗai wajen awa 6 ne, ban da hanyar gida. Magabata sun ce zumunci a ƙafa yake. Wanda ƙafarsa ba ta iya zuwa, dole wani abu na gida ya wuce shi, ko da zuciyarsa tana nan.

Hajiya, Ƙofar Durɓi: Kawu, gaskiya ne, amma shi ya sa godiyarsu ke da nauyi. A Ingila Sallah ba ranar hutun gwamnati ba ce. Ma'aikaci sai ya nemi hutu tun da wuri, kuma bai san ranar ba tabbas, don mu nan sanarwar Sarkin Musulmi muke jira, su can wasu masallatai suna bin Saudiyya, wasu Maroko, wasu ganin watan ƙasar. Gari ɗaya sai a yi Idi kwana biyu daban. Abin da ya fi shi ne ya tsayar da masallacin da zai bi, ya shaida wa wurin aiki ranaku biyun da ake tsammani. Yara kuma sai an rubuta wa makaranta kafin ranar. Doka ta yarda da fashi don ibada, amma in ba a sanar ba za a rubuta masu fashin da ba izini. Masallatai da yawa suna yin Idi sau biyu ko uku saboda ƙarancin wuri, wani lokacin a fita fili kamar Small Heath a Birmingham. Wanda ya tsallake duk wannan ya kai 'ya'yansa sahu, in ya ce alhamdulillahi, ba gori ya kamata ya ji ba.

Malamin fiƙihu, Ƙofar Guga: Ina bayan Malamin Hausa, kuma layya ce hujjata. A Ingila ba ka kayar da rago a bayan gida ka yanka kamar nan. Yankan addini sai a mayankar da hukuma ta amince da ita. Hanya biyu ce. Ko ka ba mahaucin halal oda, ko ka wakilta wani a gida. Ta farkon inda take lalacewa shi ne a ba ka naman da aka yanka kafin sallar Idi, wannan nama ne kawai, ba layya ba, don haka ka tambayi ranar yanka da lokacinsa. Ta biyun kuma a aika kuɗi da wuri, kafin raguna su yi tsada a satin ƙarshe, a gaya wa wakili sharuɗɗa: rago ya cika shekara, ba mai ido ɗaya ba, ba gurgu ba, ba mara lafiya ko ramamme ba. A mazhabar Malikiyya sai liman ya yanka tukuna, kwanakin yanka uku ne, kuma da rana ake yi. Zakkar fidda kai ma haka: sa'i ɗaya kowane kai, mudun Annabi huɗu, wajen kilo biyu da rabi na abincin da aka fi ci. In za a fitar masu a gida, a lura ko Idinsu ya riga namu da kwana ɗaya, a fitar tun kafin su tafi masallaci. Wanda ragonsa ke faɗuwa a ƙofar gidan ubansa duk shekara, maƙwabta suna cin naman, ta ina gida ya bar shi?

Kawu, Daura: Ragon ya zo, Malam, amma mai ragon bai zo ba. Tsohuwa fuskar ɗanta take son gani.

Goggo, Ƙofar Sauri: To ni karin maganar da na ga ta fi dacewa da su ita ce "da babu gara ba daɗi." Kuma don Allah dangi su daina cusa wa matafiyi kilishi da dambun nama a jaka. Ingila da Amurka duk sun hana shigar da nama irin wannan daga nan, a filin jirgi za a karɓe, in bai faɗa ba ma yana iya cin tara. Kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa ana samu a shagunan 'yan Afirka. Gero yana shagunan Indiyawa, bajra suke ce mashi, ga yogot mara sukari a madadin nono, fura ta samu. Masar Sallah kuwa abin da ke ɓata ta sanyi ne. Kofi 2 na shinkafar tuwo a jiƙa ta kwana, a haɗa da rabin kofi na dafaffiya a markaɗa, a sa ƙaramin cokali 1 na yis da ɗan sukari. A nan awa kaɗan ƙullu ya tashi. A can in aka bar shi a kicin mai sanyi sai ya kwanta, masa ta fito da nauyi. A rufe shi a sa cikin oben da ba a kunna ba, ko kusa da abin ɗumama ɗaki, har ya kumbura ya yi ƙwayaye. Kada a ƙara yis don gaggawa, warinsa zai fito.

Ɗalibi, Ƙofar Ƙwaya: Goggo, to "in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura" fa? A Amurka suna da ranar godiya, Alhamis ta huɗu a Nuwamba, iyali su taru su ci talotalo. Mutanenmu su ɗaura wannan wutsiyar?

Malamin Hausa, Ƙofar Marusa: Wutsiyar da ake nufi ta ɗaurawa ce, wadda za ka kwance in ka shiga ɗakinka: rigar sanyi, bin layi, cika lokaci. Ranar da kowa ke hutu a tara Hausawan gari a yi tuwo, yara su ji ana gaisawa da harshensu, wannan amfani ne da damar da aka samu. Inda nake jin tsoro shi ne harshe. Yaron da ke wuni a makaranta da Turanci, in iyaye suka biye mashi a gida, ba da daɗewa ba zai riƙa jin Hausa ya kasa mayarwa. Nan ne karin maganar barin gida za ta kama kamar yadda Kawu ya faɗa, a kan jikoki.

Kawu, Daura: A wannan mun haɗu. Amma har yanzu ba a ba ɗalibi amsarsa ba. Wasu za su ce "yaba kyauta tukwici", wai godiyar tasu tukwicin addu'armu ce. Mai karɓa ne ke yabawa, to su sun yaba, saura mu. Ni abin da zan ce a amsa masu shi ne: Allah ya maimaita mana, Allah ya sa baɗi da ku za a yi. A ciki akwai addu'a, akwai kuma kiran su gida.

Hajiya, Ƙofar Durɓi: Kuma a kira su da murya, kada a tsaya ga rubutu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Ingila daidai yake da namu, sauran watanni muna gabansu da awa 1. New York muna gabanta da awa 5, da sanyi 6. Da safen Sallah gida ba kowa, ana Idi ana kallon hawa a Ƙofar Soro, ƙofar fadar Sarkin Katsina, don haka a tsayar da bayan la'asar, lokacin da tsofaffi suka zauna, a miƙa masu wayar jikoki su gaishe su ɗaya bayan ɗaya.