Tsohuwar Kwalejin Katsina ko rijiyar Kusugu, ina zan yi wata ukun nan?

'Yar Aji Uku: Assalamu alaikum. Tarihi nake karantawa, an ba mu wata uku mu je koyon aiki a wurin tarihi. Wuri biyu gare ni: gidan adana kayan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, ko Daura wurin masu yi wa baƙi bayani a rijiyar Kusugu. Masauki ba damuwata ba ne, gidanmu na Katsina, gwaggona na Daura. So nake in koyi tsayawa gaban baƙo in ba shi labari har ya shiga ransa. Wanda ya taɓa yi ya taimaka mani.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, haya a Daura za ta cinye ki. Ni dubu tamanin na biya ɗaki ɗaya.

Badauri: Tamanin a ina? Dubu arba'in da biyar ƙanena ke biya, har da rijiya a gidan. An dai ga baƙo ne.

Malama Uwani: Na yi nawa a Kwalejin. Ginin ƙasa ne, ko ana zafin bazara kika shiga aji sai ki ji sanyi. A 1921 aka kafa makarantar, nan Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, sai a 1938 ta koma Kaduna, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau. Na lura 'yan firamare ba sa riƙe shekaru. Amma ranar da na ce su ɗaga kai su ƙirga azara, na ce Sardauna ma yana yaro a ƙarƙashin wannan rufin ya yi karatu, tsit suka yi.

Mai Ƙorafi: Duk inda za ki, ki riƙe aikinki. Ni a wani tsohon gida na yi, ba a jihar nan ba. Sati shida ina bin wata tsohuwa da aka haifa a gidan, ina kai mata goro da kuɗina, tana nuna mani ɗakin da aka yi mata wankan jego da inda rumbu yake kafin a rushe shi. Muryarta na cikin wayata, na rubuta komai da hannu a littafi biyu. Mai kula da ni ya karɓa wai zai duba. Bayan shekara na ga labarin an buga, ba sunana, ba na tsohuwar. Nata ya fi ƙona mani rai, don ta rasu kafin ya fito. Har yau na kasa zuwa gaida 'ya'yanta.

Hajiya Babba: Allah ya jiƙanta. Ɗana, ka je ka gaishe su, ka kai masu muryar uwarsu. Wannan ya fi takarda.

Ɗan Ƙofar Ƙaura: In Daura za ki, tafi da takobi, kar macijin nan mai suna Sarki ya sake fitowa daga rijiya ya ce ba ɗiban ruwa sai Juma'a!

Badauri: Bayajidda ya gama da shi tuni. Kuma malam, ka taɓa yin aikin nan ma kuwa?

Ɗan Ƙofar Ƙaura: Na kai baƙi hasumiyar Gobarau ya fi a ƙirga.

Malama Uwani: Kai baƙo daban, koyon aiki daban. A Kusugu za a tambaye ta ko da gaske daga Bagadaza Bayajidda ya zo, dole ta iya raba abin da baka ta riƙe da abin da aka tabbatar, ba tare da ta raina mutanen gari ba.

Baba Mai Ritaya: Kuna ta gardama, gidajen da za a ba da labarinsu suna ƙarewa. Zauren kakanmu mai daurin guga, magada suka sayar bara, yanzu shaguna ne da bulo. Ganuwa kuwa ku zagaya ku ga abin da ya rage.

Mai Ƙorafi: Baba, ko hoto an ɗauka kafin a rushe?

Baba Mai Ritaya: Ko ɗaya, ɗana. Ina asibiti aka yi.

'Yar Aji Uku: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Malama, ranar Litinin zan mayar da fom. Katsina zan rubuta ko Daura?