Gonata ta gaji: in daina huɗa da ƙona kara, ko in ci gaba da zuba taki?

Manomin_Tudu: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka gwada da hannunsu. Gona ce ta gado, hekta 2, jigawa. Damina 4 ke nan ina ƙara buhun taki masara na raguwa, ƙuduji kuma ya cinye gefe guda. In an yi ruwa mai ƙarfi sai ya bi ta kai da gudu ya kwashe ƙasar sama, washegari wurin ya yi tauri kamar daɓe. Malamin gona ya ce in gwada noman farfaɗo da ƙasa: in daina ƙona kara, in rage huɗa, in riƙa juya masara da wake, in bar itatuwa. Ba ni da dabbobi, kuma da gonar nan nake ciyar da iyali. In fara gaba ɗaya bana, ko in raba?

Mai_Garke: Wa alaikumus salam. Ka sa shanunka su kwana a ciki duk rani, magana ta ƙare.

Manomin_Tudu: Yaya, ai na ce ba ni da ko akuya.

Dattijon_Fadama: Ɗana, ka saurare ni, ni na sha wannan ruwan. An tara mu aka yi mana bayani mai daɗi, na dawo na bar kara kwance a gona duka, na daina taki lokaci guda. Shuka ta tsiro gwanin sha'awa. Kafin sati 4 ganye ya koma ɗorawa tun daga ƙasa, kamar mai ciwon shawara. Ciyawa ta taso ta cikin karan, fartanya ba ta shiga, 'yan ƙwadago suka ce sai na ninka musu. Ɓeraye suka samu gida. A gonar da nake ɗaukar buhu 20 ban kai 10 ba. Shekarar sai da na sayar da abin da ban so sayarwa ba kafin mu ga kaka. Waɗanda suka yi mana wa'azin kuwa, ko waya ba su sake ɗauka ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Ɗalibar_Noma: Allah Ya mayar da alheri, Baba. Amma abin da ya mayar da ganyen ɗorawa sananne ne. Karan masara ba shi da sinadarin naitirojin sosai, to ƙananan halittun da ke ruɓar da shi sai su janyo na cikin ƙasa, shuka ta zauna da yunwa. Shi ya sa ba a yanke takin yuriya, mai ba shuka naitirojin, a shekarun farko, ragewa ake yi a hankali. Ƙasar Siri Lanka ta hana shigo da takin zamani a Afrilun 2021, noman shinkafa ya faɗi, kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta janye dokar.

Dattijon_Fadama: 'Yata, wannan bayanin da na same shi kafin shuka da ya yi mini rana. Ke kin taɓa riƙe fartanya damina guda?

Ɗalibar_Noma: A gona na tashi, Baba. Karatun daga baya ya zo.

Hajiyar_Lambu: Haba Alhaji, yarinya ta faɗi gaskiya. Ni tsadar taki ta 2022 ce ta tura ni, lokacin da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da kasuwa. Kwatan gonar kawai na ware na sa wake. Da ya yi fure na tuge guda ɗaya, na ga ƙulle-ƙulle a saiwa, na murje ɗaya da farce, cikinsa ja-ja. Aka ce mini nan ne yake tara abincin ƙasa daga iska. A damina ta 3 na tona wurin da hannu, ƙasar ta yi duhu, tana da sanyi, har da tana biyu a tafina. Yanzu rabin takin da nake sa wa sauran gonar nake sa wa wurin. Kuɗi ya ragu sosai.

Mai_Garke: Ya ragu ina? Abin da kika rage a taki kin biya shi a cirar ciyawa. Ni da na lissafa, kashewar ta fi ta da.

Hajiyar_Lambu: Shekarar farko ce kawai haka. In ƙasa ta rufu ciyawa raguwa take yi.

Sarkin_Barkwanci: Hajiya, tanar nan biyu a ba su aron Manomin_Tudu mana, tunda ba shi da dabbobi ya fara kiwo da su 😄

Ɗalibar_Noma: Kan batun ruwan da ke kwashe ƙasa, shi ne ya sa wani manomi Herbert Bartz ya fara shuka ba huɗa a jihar Parana ta Burazil a 1972. A Nijar kuma tun wajen 1983 aka fara sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo ma ganyensa da damina yake zuba, ba ya tare wa shuka rana.

Dattijon_Fadama: Na Burazil da injin shuka da feshin maganin ciyawa suke yi. Shi wannan bawan Allah da me zai yi?

Ɗan_Haya: Ku masu gonar kanku kuna da ta cewa. Ni shekara 3 ina kai taki da amalanke gonar haya, na bar gawo 6 suka tashi. Da mai gonar ya ga yabanya ta yi baƙi-ƙirin, sai ya ce ɗansa zai noma baɗi. Wahalata duka ta tafi a banza.

Mai_Garke: Haka aka yi wa ƙanena. Shi ya sa ɗan haya ba ya gyaran ƙasa, tatsa yake yi ya bari.

Hajiyar_Lambu: A riƙa rubuta yarjejeniyar shekara 5 gaban shaidu mana.

Ɗan_Haya: Hajiya, wane mai gona ne zai yarda ya sa hannu?

Manomin_Tudu: Na gode duka. Amma don Allah, ƙudujin nan fa? Waken zai rage shi, ko sai na ci gaba da tugewa kafin ya yi fure?

Dattijon_Fadama: Ɗan_Haya, itatuwan da ka bari, ya sare su ko suna nan?