Abin da na riƙe daga hirarmu kan matsalar ji

Jiya bayan la'asar mun daɗe ana tattauna maganar kunne, to ga abin da na tsinta. Kowa ya yarda a daina tura tsinken ashana ko gashin kaza cikin kunne, dattin nan kunne da kansa yake turo shi waje, kai kuwa ƙara cusa shi kake, wani har ya fasa dodon kunne. Haka ɗiga wa yaro manja ko ruwan albasa in kunnensa na zubar da ruwa, don Allah a bari, a kai shi asibiti.

An fi daɗewa kan yara. Wata nas a cikinmu ta ce duk yaron da ya yi sanƙarau a gwada jinsa da zarar ya warke, don cutar kan tafi da ji gaba ɗaya, ƙyanda da hangum ma suna taɓawa, kuma jariri ma ana gwada shi yana barci, ɗan abu ake sa masa a kunne, ba zafi. Babba kuwa hedifon ake saƙala masa a ɗaki shiru, duk sanda ya ji sauti sai ya danna maɓalli. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa.

Masu injin niƙa da zama kusa da janareto kuwa abin ya taɓa ni sosai, ƙara mai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na awa 8 kullum tana cin ji a hankali, kuma in ya tafi ba ya dawowa, a nemi abin toshe kunne. Allurar gentamicin ma, wato wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, kar a yi sai likita ya rubuta, don tana iya lalata ji.