Sabon Kai a Tsohuwar Riga: Musayar Baitoci kan Jiragen Norfolk Southern

Ɗan Tasha: Assalamu alaikum, ma'abota baiti. A shekarar 2012 kamfanin jirgin ƙasa na Norfolk Southern a Amurka ya cika shekara 30 da kafuwa, sai ya ware sababbin kawunan jirgi 20, ya shafa wa kowanne fenti da tambarin ɗaya daga cikin tsofaffin kamfanonin da ya gada. Makon jiya ina tsaye a Altoona ta jihar Pennsylvania, sai ga mai lamba 8102 yana jan taragun kaya, sanye da kayan tsohon Pennsylvania Railroad. Ga abin da ya zo mini:

Na tsaya gefen layin dogo,
Na ga abin da ya burge zuciya.
Kan jirgi sabo fil a gaba,
Ya sa rigar kakansa ta jiya.
Ja mai duhu, ratsi har biyar,
Kowane ratsi ruwan zinariya.
Wani dattijo ya cire hula,
Ya raka shi da ido kan hanya.
Ɗan da ya tuna da magabata,
Shi ake kira mai tarbiyya.

Gwaggon Baiti: Wa'alaikumus salam, ɗana. Baitocinka sun yi daɗi a kunne, amma ban yarda da abin da suke ɗauke da shi ba.

Kura ta cinye akuya sarai,
Ta yafa fatar ta hau hanya.
Kai ko ka tsaya kana ta tafi,
Wai kura ce mai tarbiyya.
Fenti bai buɗe rufaffen tasha,
Bai sa wa korarre nama a miya.
Dattijon nan da ya cire hula,
Ka tabbata murna ce, ba ta'aziyya?

Kuma ina so ka gaya mini abin da ake girmamawa a kan mai lamba 1073, wanda aka yi wa baƙar rigar Penn Central, kamfanin da aka kafa a 1968 da haɗuwar Pennsylvania Railroad da New York Central, ya durƙushe a 1970, karayar da Amurka ba ta taɓa ganin ta kamfani mai girmanta ba kafin lokacin.

Mai Sauraro: Allah ya ƙara basira, Gwaggo. Wannan baitin na ta'aziyya shi kaɗai ya rufe bakin kowa.

Ɗan Tasha: Gwaggo, da girmanki, misalin kura bai zauna ba. A 1982 Southern Railway da Norfolk and Western haɗuwa suka yi da yardar juna. Su kuwa kamfanonin arewa maso gabas, gwamnati ce ta tattara karyayyunsu a 1976 ta kafa Conrail, wanda Norfolk Southern da kamfanin jirgin ƙasa na CSX suka raba a 1999.

Gwaggo, ki duba tarihi da kyau,
Ba yanka aka yi ba, gado ne ya biya.
Pennsylvania da New York Central sun haɗu sun faɗi,
Tun dokin bai zo duniya.
Mai gadon gida in ya yi shafe,
Ya bar sunan kaka a zauren baya,
Ba a ce masa kura, Gwaggona,
Sai dai mai taushi a zuciya.

Dokin da na ambata shi ne wanda ke tambarin Norfolk Southern, fari a kan baƙin fenti.

Malam Mai Aruli: Ina neman afuwa zan katse ku. Ɗan Tasha, ɗangonka na uku ya fita daga kari gaba ɗaya, domin 'yan'uwansa suna tafiya a kan gaɓa takwas zuwa goma sha uku, shi kuwa, idan aka furta sunayen nan yadda bakin Bahaushe yake furta su, ya haura goma sha biyar. Haka kuma "gado ne ya biya" ba magana ba ce, amsa-amo kawai ka nema.

Ɗan Tasha: Allah ya gafarta Malam, sunan kamfani ba kulɓa ba ne da zan yanke masa wutsiya ya ci gaba da tafiya. A ɗauke shi a matsayin zihafi.

Malam Mai Aruli: Zihafi sauyi ne da ke faɗa wa harafi a cikin ƙafar waƙa, a sakantar da shi ko a shafe shi, bai taɓa zama izinin ƙaro ƙafafu biyu ba.

Ka ɗora kaya ya fi ƙarfin kai,
Waƙarka ta kwanta a kan hanya.
In sunan baƙo ya ƙi shiga,
Ka bar shi a zube, ka yi kinaya.

Na Bayan Ɗan Tasha: Malam, ma'aunin naka gefe ɗaya yake dubawa. Gwaggo ta ɗauki "hanya" da "tarbiyya" daga bakin abokin karawarta ta mayar da su amsa-amonta, ɗangonta na ƙarshe ma ya yi tsawo, kuma ta ce "rufaffen tasha" alhali tasha mace ce, duk ba ka ce uffan ba.

Mai Sauraro: Mayar wa mutum da kalmarsa a musaya gwaninta ce, kuma larurar waƙa ta halatta wa Gwaggo abin da ta yi.

Na Bayan Ɗan Tasha: Ashe larurar tana da waɗanda take halatta wa, tana da waɗanda take haramta wa.

Tsohon Bakanike: Na zo a makare, na tarar an bar jirgi ana ƙirga gaɓa. Ba Norfolk Southern ne ya fara ba. Tsakanin 2005 da 2006 Union Pacific, wani kamfanin jirgin ƙasa na Amurka, ya yi wa kawuna 6 irin wannan ado, ya kuma zaɓi lambobinsu da hikima: 1982 ga Missouri Pacific, 1996 ga Southern Pacific, wato shekarar da kowanne ya shiga hannunsa. Lambar da ke goshin jirgin ita ce shekarar da mai rigar ya rasa 'yancinsa, don haka Gwaggo da Ɗan Tasha kowa ya samu abin kamawa. Na Norfolk Southern kuwa, 10 ƙirar ES44AC ne na kamfanin GE, 10 ƙirar SD70ACe na EMD, kowanne da ƙarfin doki sama da 4,000, kuma a watan Yulin 2012 an jera su duka a gidan tarihin sufuri na Spencer a North Carolina, daga nan aka sake su cikin aiki. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ba a ajiye su don kallo ba, suna jan kwal da kwantena, hayaƙin dizal yana dusashe adon kamar na kowane kai.

Ni dai ciki na sani, ba riga ba,
Injin bai san launi ba ko ɗaya.
Kore ne shi, ko ja, ko shuɗi,
Mai zai sha, ya ja dukiya.

Baitina yana ɗingishi, Malam ya yi haƙuri, hannuna ya fi sanin sifana.

Gwaggon Baiti: Sannu da zuwa, Baba, ka kawo mini sandar da nake nema. Ɗana, a watan Yulin 2025 aka sanar da yarjejeniyar da Union Pacific zai sayi Norfolk Southern ɗin kansa.

Mai gadon nan da kake ta yabo,
An taya shi, shi ma, a kasuwar duniya.
In cinikin nan nasu ya faɗa,
Dokinka zai zama rigar jiya.
Ran nan ka tsaya a Altoona,
Ka cire hula, in ji ko murna ce ɗaya.

Ɗan Tasha: Idan ranar ta zo zan tsaya, Gwaggo, kuma zan so in ga dokin a jikin kai ɗaya da a ce an shafe shi ɗungurungum. Amsata a waƙe tana zuwa bayan na tashi daga aiki.

Malam Mai Aruli: Kafin nan, Gwaggo, ɗangonki na ƙarshe ma ya zarce, kuma "ɗaya" ɗin da kika rufe da shi ba shi da aikin yi a jimlar. Na faɗa ne don kada a sake cewa ma'aunina gefe ɗaya yake dubawa.