Gidan rainon yara: me kuka gani da idonku?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Hutun haihuwata ya kusa ƙarewa, wata mai zuwa zan koma aiki, Ilham kuma watanta bakwai. Na zaga gidajen raino uku, duk an sha fenti, bango cike da hoton dabbobi da haruffa, kowace shugaba bakinta kamar zuma. Amma wlh na fito ban ma san me ya kamata in duba ba. Don Allah duk wadda ta taɓa kai yaro, har iyaye maza, a faɗa min abin da aka gani da ido, ba an ce an ce ba.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam. 'Yar uwa ki koma ba tare da kin sanar ba, kuma kar ki je da safe lokacin da ake karɓar yara kowa na murmushi, ki je da tsakar rana. Ni abin da ya faru dani kenan, wata uku ina kai Sadiq ina ɗaukowa tsaf-tsaf an shafa masa mai an canza pampas, ban taɓa zargin komai ba. Ran nan kaina ya yi ciwo na taso aiki da wuri wajen sha biyu, ina shiga na tarar da yara wajen tara an jera su a ƙananan kujeru an ɗaure da bel, talabijin na ta kartun, anti tana can lungu tana danna waya. Sadiq ya yi kuka har muryarsa ta dishe ya haƙura, yana zaune kawai yana tsotsar hannu, majina ta bushe a fuskarsa. Abin da ya fi ƙona min rai ba wanda ya ji kunya, cewa aka yi wai ai haka suke zama lafiya lau. Ashe wankan da nake gani na ƙarfe huɗu ne, saboda ni ake yi ba saboda shi ba. Daga baya na karanta ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, cewa yaron da bai kai shekara 2 ba bai kamata a zaunar dashi gaban talabijin ko waya ba, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana, sannan kar a ɗaure yaro a kujera ko keken turawa fiye da awa 1 a jere. Sadiq lokacin watansa goma sha huɗu.

Anti Hafsa:
Ni shekara shida na yi ina aikin raino kafin na bari, bari in faɗa muku ta ɓangarenmu. Ba kare waccan antin nake ba Ummu Sadiq, ta yi laifi, amma ki tambayi kanki yara nawa aka bar mata. Akwai shekarar da ni kaɗai aka ba jarirai takwas. Kina canza ma wannan, wancan ya farka, na uku ya yi amai, na huɗu yana rarrafe ya nufi ƙofa, hannu biyu ne dake. To wallahi ko uwar da ta haife su ce sai ta kunna talabijin ɗin. Don haka Maman Ilham tambayar farko: yara nawa ke hannun anti ɗaya a ɗakin jarirai, kuma ki ƙirga da kanki kar ki yarda da baki. A Ingila doka ce, 'yan ƙasa da shekara 2 babba ɗaya yara 3, 'yan shekara 2 kuma babba ɗaya yara 5 tun 2023, da can ma 4 ne. Ba lallai ki samu haka ba amma kin ga inda ma'aunin yake. Tambaya ta biyu, antin ɗakin tun yaushe take wurin. In kin ji duk sababbi ne, to ana yawan barin aiki, kuma jariri mutum yake sabawa dashi ba gini ba. Na ga yaron da aka canza ma mai raino sau huɗu cikin shekara, ya dawo ba ya yarda da kowa.

Abban Nabil:
Ni matsalata akasin taku ce. Inda muka kai Nabil kulawa ba laifi, amma karatu suka ɗauka da zafi. Yaro ɗan shekara biyu da rabi ana ba shi aikin gida, shafi guda na rubuta harafi, uwarsa ta riƙe hannunsa yana kuka tana jan fensir, a kai makaranta a sa masa jan biro an ce madalla. Na ce da ita wannan makin naki ne fa ba nashi ba. Abin dariyar ma a allon ƙofarsu an rubuta Montessori ɓaro-ɓaro. Ita Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, kuma tsarinta yaro ya zaɓi abin da zai yi da hannunsa, ya zuba ruwa daga wannan kofi zuwa wancan, ya ɓalle maɓalli, ya jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. Sunan Montessori dai, kowa na iya liƙa shi a allo. Laifin namu ne iyaye ma, mu muke son yaro ya dawo yana rera ɗaya zuwa ɗari mu ɗauka a waya mu tura ma dangi.

Maman 'yan biyu:
Abban Nabil ka yi gaskiya amma kar a tsorata baiwar Allah, akwai wurare masu kyau. Namu ginin ma ba wani abin a zo a gani ba ne, kayan wasan tsofaffi. Abin da ya sa na tsaya, ranar da na je dubawa na ga antin ta zauna a ƙasa dirshan, wata jaririya ta ɗaga cokalin roba tana ɗan surutunta na jarirai, antin ta kalle ta ta ce "eh cokali ne, ki ba ni in gani", yarinyar ta miƙa, ta karɓa ta mayar mata, suka yi ta haka kusan minti biyar. Masana a jami'ar Harvard sun daɗe suna cewa irin wannan miƙo-in-miƙa-maka tsakanin yaro da babba shi ke gina ƙwaƙwalwa a shekarun farko. Kuma kullum in na zo ɗauka sai ta ba ni labari, Hassana ta yi barci awa biyu, Hussaina yau ta ƙi kowa sai bayan azahar. Wadda bata lura da yaro ba ba za ta iya ƙirƙiro wannan kullum ba. Sai dai ki shirya ma mura, watannin farko kusan duk sati biyu muna asibiti, ɗaya ta warke ɗaya ta ɗauka.

Nas Rabi:
In ƙara kan maganar mura, ki leƙa inda ake canza pampas, akwai ruwa da sabulu a kusa? Ana wanke hannu bayan kowane yaro? Sannan ki ga yadda ake kwantar da jarirai. Ɗan ƙasa da shekara 1 a rigingine ake kwantar dashi, kan katifa mai tauri, ba filo ba tarin bargo. Wasu suna kifa yaro don ya fi daɗewa yana barci, hatsari ne babba. Ki tambaya kuma in yaro ya yi zazzaɓi me suke yi, in suka ce suna ba da magani kafin su kira ki, a'a.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na bi shawarar Ummu Sadiq na koma biyu daga ciki da rana. Na farkon mai gadi ya ce ba a shiga sai da izini, na tsaya minti ashirin a waje kafin a buɗe min, kun san sauran. Na biyun aka ce shigo kawai, jarirai bakwai anti biyu, ɗaya shekararta huɗu a wurin, ta karɓi Ilham tana mata wasa har ta yi dariya. Amma akwai talabijin a bango, a kashe dai na same ta. Anti Hafsa in tambaye su ne kai tsaye ko in sake dawowa wata rana in gani?

Anti Hafsa:
Ki yi duka biyun ƙanwata. Ki tambaya, sannan ki dawo ranar Litinin wajen ƙarfe ɗaya, lokacin ne yara suka fi rigima.